Idan aka ce a tashi saboda gobarar daji

A wata tattaunawa da aka yi kan gobarar daji, abin da aka fi nanatawa shi ne, da zarar umarnin tashi ya fito, a kama hanya. Masu jira sai sun ga wuta da idonsu su ne ke maƙalewa a cunkoson motoci, kamar yadda ya faru a garin Paradise na jihar Kalifoniya a Amurka a 2018, lokacin gobarar da ta ci rai 85. Iska kan kai tartsatsi fiye da kilomita ɗaya gaba da wutar.

A bar mai a mota ko da rabin tanki, jakar magunguna da takardu kuma a bakin ƙofa.

An fi daɗewa kan waɗanda hanya ta rufe da su. Wanda ya fita, da wuya jami'ai su bar shi ya koma, shi ya sa wasu ke ƙin tafiya saboda dabbobinsu ko majinyaci. Wannan ya taɓa min zuciya ƙwarai. Shawarar dai ita ce su sanar da hukumar agaji inda suke tun da wuri, su tanadi ruwan kwana uku, kusan lita 4 ga kowane mutum a rana, da rediyo mai batir, domin lantarki da layin waya kan ɗauke tare.