Mako guda Ilham ba ta je nazare ba

Maman Ilham: Salamu alaikum matan zaure. Ni dai na gaji, na cire Ilham daga nazare. Yarinya 'yar shekara biyar, waƙoƙin Turanci fal bakinta, amma ki nuna mata harafi a jikin gwangwanin madara sai ta tsaya tana kallonki. Aikin gida ni nake yi da daddare, ita tana gyangyaɗi. Ga kuɗin zango, ga yunifom, ga kuɗin walimar yaye ɗalibai, ga na Adaidaita da ya haura tun cire tallafin mai a 2023. Makon nan a gida muka yi karatu. Bayan kari mu shimfiɗa tabarma, in zuba yashi a faranti ta rubuta harafi da yatsa, ta shafe, ta sake. Lissafi da ƙwallon dabino muke yi. Ran Laraba ta tubure ta shige ƙarƙashin gado, na ƙyale ta. Yau ga shi ta rubuta sunanta, "h" ɗin ne kawai ya juya baya. Wallahi mako guda ya fi zango biyu. Masu jibge yara a nazare don su samu sarari, a sake tunani.

Umman Sadik: Jibge? Kayan wanki ne su? Ni a asibiti nake, ƙarfe bakwai ina bakin aiki. Ranar da naƙuda ta kama ki, wacce ta "jibge" nata ce za ta karɓi haihuwar.

Maman 'Yan Biyu: Gaya mata dai, Sista.

Maman Ilham: Ni ban kama sunan kowa ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Anti Malama: Shekara da shekaru ina koyarwa a nazare. Wa ya koya wa Ilham riƙe fensir? Wa ya koya mata zama wuri ɗaya? Mu muka yi shuka, ke kika zo girbi, sannan ki ce mako guda. Juya harafi kuwa ba komai ba ne a shekarunta, zai daidaita. Kalmar jibge ce ba zan haɗiye ba.

Hajiya Babba: To ai gaskiya ta faɗa. Akwai masu kai yaro da nono a baki su dawo su kwanta kallon fim. Mu da muka tashi ina nazare? Makarantar allo ce, a fara da babbaƙu a wuce farfaru, kuma ba mu lalace ba. Hadisi ne ma, uwa ita ce makarantar farko.

Malama Ummu Abdallah: Hajiya, a yi hattara, wannan ba hadisi ba ne. Daga baitin wani mawaƙin Masar aka samo shi. Wanda ya zo a hadisi shi ne a umarci yara da salla suna 'yan shekara bakwai.

Hajiya Babba: Yanzu ni za ki yi wa gyara a gaban jama'a? Na yi saukar Alƙur'ani ba a haife ki ba.

Malama Ummu Abdallah: Allah Ya huci zuciyarki, Hajiya, amana ce ta ilmi.

Amarya: Don Allah Maman Ilham, awa nawa kuke yi kullum? Nawa ma ya isa.

Maman Khalifa: A Finland sai yaro ya shekara bakwai yake shiga firamare, kuma karatunsu ya yi suna a duniya.

Anti Malama: Ki ƙarasa mana. A can ɗin dole ne ɗan shekara shida ya yi ajin share fage. Nan Najeriya ma dokar UBE ta 2004, wato ta ilmin farko ga kowane yaro, ta ɗora wa iyaye tabbatar da yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare. Baɗi Ilham shida take, sai mu gani.

Maman Khalifa: Dokar da ba ta hana yara yawo da kwano a titi ba, ita za ta kamo mai koyar da 'yarta a tsakar gida?

Maman 'Yan Biyu: Ai tun 2019 aka ayyana ilmi kyauta kuma dole a Kano, lokacin Ganduje.

Maman Khalifa: A takarda ba. In an gyara, me ya sa Gwamna Abba ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilmi a 2024? Ku dai ba kwa gajiya.

Maman 'Yan Biyu: Na san za ki fito, 'yar jar hula.

Umman Sadik: Ku bar siyasa. Ni har yanzu jira nake ta janye jibge. Wadda ke da 'yar aiki tana mata shara da wanke-wanke dole ta samu lokacin wasa da yashi. Ita 'yar aikin wace makaranta take zuwa?

Maman Ilham: Yarinyar 'yar ƙanwar mijina ce, riƙo aka ba ni, kuma tana zuwa Islamiyya. Ki iya bakinki.

Umman Sadik: Lokacin korona a 2020 duk mun gwada karatun gida. Da aka buɗe makarantu wa ya tsaya? Har guɗa wasu suka yi.

Amarya: Awa nawa dai nake tambaya, don Allah.

Hajiya Babba: Ni na fita, tunda yaran yanzu sun fi mu sanin hadisi.

Anti Shugaba: Ya isa haka, na rufe zaure zuwa gobe. Ga abin da aka tattauna a taƙaice. Maman Ilham ta yi kuskure da ta zagi mata ma'aikata, ya kamata ta nemi afuwa. Anti Malama ta kawo doka, babu wadda ta iya ƙaryata ta. Kusan kowa ya yarda yaro sai da makaranta, don a can yake koyon zama da 'yan'uwansa. Matsalar Ilham rashin dace da makaranta mai kyau ce kawai. A je a ba Hajiya Babba haƙuri a dawo da ita. Sannan masu neman nazare mai ƙananan azuzuwa, ta ƙanwata ta fara rajistar sabon zango, a same ni ta gefe, akwai ragi ga 'yan zaure.