Abin da muka tsayar kan zagayen Tiga da kekunan hawan dutse

Mun daɗe muna tattauna wannan fita, ga abin da ya fito.

Kowa ya yarda dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, ya fi ƙarfin zagayen yini guda. Gefe ɗaya za mu ɗauka, mu tashi bayan asuba, mu juyo kafin azahar. Lokacin hunturu ya fi, don da damina laka kan cika taya har ta ƙi juyawa.

Inda aka fi jan magana shi ne faci. Tsidau da ƙaya sun yi yawa a hanyoyin shanu, saboda haka kowa ya riƙo tub biyu da famfo, ya ɗan rage iskar taya saboda yashi. A gangara kada a damƙe birkin gaba, mutum zai kifa ta kan kansa. Hular kwano dole ce, ni kam ba zan hau da wanda ba shi da ita ba.

Ruwan sha lita 3 kowa. Ban da wanka a gaɓa saboda tsargiya. Mai ƙarfi ya tsaya a baya, kada a bar kowa shi kaɗai, kuma a gaida masunta da manoma kafin a ratsa ta gefen gonakinsu.