Mataki na 3 a sanarwar zaftarewar dusar ƙanƙara: mu tafi ko mu fasa?

Abdul_Ɗalibi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a ƙasashen sanyi. Wannan ne hunturuna na biyu a Suwizalan, kuma abokan karatuna uku sun matsa lallai sai mun hau dutse ranar Asabar a wajen Davos, da faffaɗan takalman nan na tafiya kan dusar ƙanƙara. Ba filin wasan zamiya za mu ba inda akwai ma'aikata da alamomi. Daji za mu kutsa mu nufi wata 'yar bukka, hawan kamar awa uku. Tun Talata dusa ke zuba, jiya kuma iska ta wuni tana kaɗawa. Na duba sanarwar hukuma, sun sa mataki na 3 cikin 5. Wanda zai ja mu, wanda ya fi mu sabawa da dutse, ya ce 3 ai tsaka-tsaki ne, kuma ranar Asabar gari zai waye garau. Ya kuma aro mini na'urar nan da ake ratayawa a ƙirji don a gano mutum in dusa ta binne shi. Ban taɓa kunna ta ba. Gaskiya hankalina bai kwanta ba, amma ba na so a ce ni ne ragon tafiyar. Shin 3 ɗin nan lafiya ne?

Malam_Habu:

Wa alaikumus salam ƙanena. Gara da ka tambaya kafin Asabar.

Abokinka ya karanta lambar kamar makin jarrabawa, kuma nan ne kuskuren. Wannan ma'auni mai mataki biyar da ƙasashen Turai suka daidaita a kai tun 1993 ba ya hawa daidai wa daida. Daga kowane mataki zuwa na gaba haɗarin ninkuwa yake yi. Mataki na 5 da wuya ka gan shi, na 4 kwanaki ƙalilan ne a hunturu, kuma ranar da aka sa shi yawancin mutane ba sa fita hawan dutse. Shi 3 kuwa bai kai ya tsoratar da mutane ba, amma ya isa ya kashe su. Kusan rabin waɗanda zaftarewa ke hallakawa a ƙasar nan, a mataki na 3 ne.

Bari in gaya maka abin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Dusar da ke kan gangara hawa-hawa take, kowace zuba da nata shimfiɗar. In aka yi kwanaki ana tsananin sanyi sama ba girgije, saman tsohuwar dusa kan koma gari-gari, ƙwayoyinta ba sa kama juna, kamar yashi. Sai sabuwa ta zo ta rufe ta, iska ta danƙare ta ta zama faifai guda. To ka ga faifai mai nauyi zaune a kan yashi, a kan gangara. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya wancan raunannen hawan, tsagar ta ruga ko'ina cikin ƙiftawar ido, faifan ya taho gaba ɗaya da kai a tsakiyarsa. Shi ya sa a kusan tara cikin goma na irin wannan haɗari, wanda abin ya rutsa da shi ko wani ɗan tawagarsa ne ya tayar da ita.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a labarinka shi ne iskar jiya. Masu hawan dutse a nan suna cewa iska ce maginiyar zaftarewa. Takan kwashe dusa daga ɓarin da take bugawa ta jibge ta a ɗaya ɓarin, bayan tudu da cikin kwaruruka. Wurin sai ka gan shi sumul, fari tas, ya fi ko'ina kyau. Ita kuma ranar farko da gari ya washe bayan an sha zuba, ita ce wadda kowa ke ɗoki, alhali dusar ba ta gama zama ba.

Kada ka tsaya a lambar kawai. Cibiyar binciken dusar ƙanƙara da zaftarewa, wato SLF, da ke nan Davos ɗin, ita ke fitar da sanarwar safe da yamma, kuma a ciki suna faɗin daga wane tsayi haɗarin ya fara da kuma gangarorin da ke fuskantar wace kusurwa. Sannan ka buɗe taswira a manhajarsu ta White Risk, tana shafa launi a duk gangarar da ta kai digiri 30. Ƙasa da 30 da wuya faifai ya zame. Tsakanin 35 zuwa 40 nan ne mahallaka. Bi hanyarku da yatsa tun daga inda za ku ajiye mota har ƙofar bukkar, ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani.

Anti_Zainab:

Abdul, ni maganar na'urar ce ta tsaya mini. Wadda ba ka taɓa kunnawa ba, da ita da dutse a aljihu duk ɗaya.

Ba ta hana komai zaftowa. Aikinta kawai ta riƙa aika sigina, in an binne ka sauran su juya nasu zuwa nema. Kuma ita kaɗai ba ta isa ba, sai da doguwar sandar nan mai haɗe-haɗe da ake caka wa dusa, da shebur na ƙarfe, kowa da nasa a jaka. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko, kusan tara cikin goma suna rayuwa, in dai duwatsu ko bishiyoyi ba su riga sun yi musu illa ba. Da an haura rabin awa, yawanci numfashi ya ƙare. Jirgi mai saukar ungulu, ko ka kira lambar masu ceto ta 1414 nan take, da wuya ya iso cikin wannan lokacin. Abokanka ukun nan su ne masu cetonka, kai ne nasu. Ka tambaye su wa ya taɓa gwadawa.

Ni da na je koyo, an binne mana jaka a zurfin da bai wuce mita ɗaya ba. Na ɗauka wasa ne. Dusar da ta zafto ta tsaya ba irin mai laushin nan ba ce, ƙanƙarewa take kamar siminti, mu biyu muna haƙa har hannuna ya daina ɗaga shebur. Af, kuma kada ka haɗa na'urar da wayarka a aljihu ɗaya, waya na rikita ta.

Wani abin da ba na mantawa: shekaru uku da suka wuce muna tafe a wani fili da ba shi da wata gangara sosai, sai na ji wani "wuf" a ƙarƙashina, ƙasa ta ɗan nutsa, tsaga ta fita daga bakin takalmina ta yi gaba kamar an ja zare. Jagoranmu bai ce uffan ba, juyawa kawai ya yi muka bi sawunmu. Sai a mota ya ce wannan ƙarar ita ce raunannen hawan ya rufta, da a kan gangara muke da labari ya sha bamban. In ka ji ta, ko ka ga inda dusa ta zafto sabuwa a dutsen da ke kallonku, ba sauran shawara.

Sani_Mai_Keke:

Haba jama'a, kun sa yaro zai ƙi fita har bazara. Ni ina fita a mataki na 3, lafiya lau. Abdul, akwai hanyoyin da aka tanada musamman don masu irin takalmanku, alamominsu ruwan hoda ne, in da haɗari sukan rufe su. Ku bi ɗaya daga ciki, ko ku tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri cikin kwari. Ba dole sai bukkar ba.

Malam_Habu:

Sani, na yarda da hanyoyin masu alama. Amma maganar kwari da gyara. Shimfiɗar inda ka taka ba ta wadatar ba, sai ka ɗaga kai ka ga me ke samanka. Tsagar nan da Anti Zainab ta faɗa tana iya tashi daga fili ta hau gangara ta sako maka ita a ka. Kuma kwazazzabo ko bakin rafi shi ne mafi muni, don nan dusar ke taruwa, 'yar ƙaramar zaftarewa sai ta binne mutum zurfin da ba a tono shi da wuri. In ma ya zama dole a ratsa gangara, ɗaya bayan ɗaya ake yi, sauran suna tsaye a wuri mai aminci suna kallonsa.

Abdul_Ɗalibi:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Malam, na bi hanyar a taswira kamar yadda ka ce. Awa biyun farko cikin bishiyoyi ne, ba launi. Amma gab da bukkar sai mun ratsa wata gangara da taswirar ta nuna ta haura digiri 35, tana fuskantar arewa maso gabas, kuma ta wuce tsayin da sanarwar ta ambata. Na tura musu hoton. Mai jan namu ya ce ya bi wurin sau biyu ba abin da ya faru, sai na tambaye shi ko a bayan iska irin ta jiya ne, har yanzu bai ba ni amsa ba. Sauran biyun sun ce mu koma hanya mai alamar hoda. Ashe ma a cikinmu mutum ɗaya ne ke da shebur.

Anti, wannan koyon tono da kika yi, kwana nawa ne, kuma suna karɓar wanda bai iya zamiya ba?