Ƙuduji ya cinye gona ɗaya ya bar ta kusa da ita, laifin ƙasa ne?

Ɗalibin Sinnar:
Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a kimiyyar ƙasar noma, bincikena a kan ƙananan halittun da ke zaune a jikin saiwar dawa ne. Kusa da garin Mai Wurno a Sudan akwai gonaki biyu maƙwabta, baƙar laka ɗaya, irin dawa ɗaya. Ɗaya ƙuduji ya gama da ita, ɗayar kuwa sai nan da can. Ina zargin fangas (wato halitta dangin funfuna) mai suna Fusarium oxysporum ne ke kare ta biyun, don akwai nau'insa da ke kashe ƙuduji ya ƙyale dawa. Manoma, kun taɓa ganin haka? Sannan wutarmu ba ta tsayawa, yaya zan adana ƙasar da na ɗebo?

Baba Mai Hawasha:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka kai ƙasa ɗakin gwaji, tambayi mai gonar abin da ya shuka bara da bara waccan. Mu a Jazira idan ƙuduji ya matsa wa hawasha, wato gonar da aka yanka wa manomi, gyaɗa ko auduga muke sa mata. Wanda ke zuba takin dabbobi ma ba ya kukan da maƙwabcinsa ke yi.

'Yar Gadarif a Jidda:
Baba ya taɓo inda matsalarka take, ƙanena. Irin ƙuduji ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwa ke fitarwa. Auduga da gyaɗa suna yaudararsa ya tsiro, ya rasa abin kamawa, ya mutu. Kuma irin nan yakan shekara fiye da 10 a ƙasa yana jira. To ka ga, wataƙila irin ƙuduji ne ya yi ƙaranci a gonar da ta tsira, ba fangas ba. Ka raba ƙasar kowace gona biyu, ka turara rabi har halittun cikinta su mutu, ka sa kowane kaso a tukunyarsa ka shuka dawa, ka zuba irin ƙuduji daidai wa daida a duk tukwanen. Idan wadda aka turara ta daina kare dawa, sannan ka yi magana. Kada ka manta da maikoriza, fangas ɗin da ke zama a saiwa yana taimaka mata jan abinci: dawar da ta samu sinadarin fosfaras ta hannunsa takan rage fitar da wancan sinadarin.

Abu Fatima, Kassala:
Ka tuge dawar da saiwarta, ƙasar da ta manne ita kake so. Kada ka bar ta a leda cikin rana. Sa ta a tulu ka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, kuma kada ta daɗe.

Ɗalibin Sinnar:
Allah ya saka da alheri. Yaya, tukunyar turara ta wajenmu sai da wuta. Ta girki mai matsin tururi za ta wadatar?