Ta sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, kuma nauyin ya fi ƙarfina

Ɗalibar Aji Uku: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗaliba ce a wata babbar makaranta a nan Zamfara. Da yake na girmi yawancin 'yan ajinmu, tun muna aji ɗaya 'yan mata suke kirana Anti, kuma duk wadda abu ya dama ɗakina take nufowa. A hankali abin ya zama al'ada: kowane daren Juma'a bayan sallar isha'i nakan dafa shayi, mu zauna, kowa ta amayar da abin da ke cinta, daga mai kukan kuɗin rajista, sai wadda ta faɗi darasi tana tsoron a ji a gida, sai wadda ake matsa wa ta bar karatu ta yi aure. Sharaɗinmu ɗaya ne, abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita. Ban karanci fannin ba da shawara ba, saurare kawai nake yi, kuma da yawa sun ce zaman ya taimake su.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Akwai wata yarinya 'yar aji ɗaya da wani abu ya faru a garinsu a daminar bara. Ba ta barci, ta daina shiga aji, kuma kwanan nan ta faɗa mini wata magana da ta tayar mini da hankali, bayan ta sa na rantse da Allah ba zan faɗa wa kowa ba. Jarrabawa ta matso, ni ma barcin ya gagare ni. Ta yaya zan taimake ta ba tare da na ci amanarta ba?

Hajiya Kulu, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam. 'Yata, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na lura kin ba mu labarin shayi dalla-dalla amma kin tsallake wurin da ya fi muhimmanci. Wace magana ta faɗa? Idan cewa ta yi ta gaji da rayuwa, ko gara ta mutu, to wannan ya wuce zaman ɗaki. Rashin barci da janyewa daga mutane da barin abin da aka saba yi, idan suka haura mako biyu, alamomin ciwon damuwa ne, kuma ciwo ne da ake magani kamar hawan jini. Ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi yake ji don an fahimce shi. Idan ta amsa da e, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da duk abin da za ta iya cutar da kanta da shi, a kai ta asibitin makaranta a ranar. Daga can za a iya tura ta Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato.

Abubakar, Ƙauran Namoda: Hajiya, ina ganin girmanki, amma ki bari na faɗi abin da ya same ni. Lokacin da mahaifina ya rasu ina karatu, na shiga irin wannan hali, na buɗe wa abokina cikina, shi kuma ya kai maganar ga wani jami'in makaranta da niyyar taimako. Kafin mako ya zagayo, labari ya bazu cewa na sami taɓin hankali, har yarinyar da nake nema iyayenta suka ce na dakata. Daga ranar ban sake yi wa kowa kukana ba. Ƙanwata, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ranar da kika fitar da maganar nan, ba ita kaɗai za ki rasa ba, duk masu zuwa ɗakinki za su ɗauke ƙafa.

Malam Usman, Argungu: Game da rantsuwar, kada ta ɗaure ki. Ya inganta daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi ta alheri, ya aikata mafi alherin ya yi kaffara. Kaffarar tana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 89: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su ko 'yanta baiwa ko bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Sai dai ni ina ganin a fara da addu'a da azkar na safiya da maraice, a kuma haɗa ta da wata malama mai amana kafin a yi zancen asibiti.

Ɗalibar Aji Uku: Na gode ƙwarai. Hajiya, ba zan iya maimaita kalamanta a nan ba, amma abin da kika yi zato bai yi nisa da gaskiya ba. Sai dai ba ku san ta ba. Ni kaɗai take cin abinci a gabana, kuma idan ta ji sunan Kware za ta ɗauka na mayar da ita mahaukaciya. Ofishin ba da shawara na makarantarmu kuwa na je, na tarar namiji ne a ciki, ga ɗalibai suna kai da kawowa a bakin ƙofa. Ba za ta taɓa buɗe baki a irin wannan wuri ba.

Maman Sadik, Gusau: Ina iyayenta suke? Ba ki ce komai a kansu ba. Mu iyaye muna sayar da abin da muka mallaka mu tura yara karatu, sai mu zama na ƙarshe da ke jin halin da suke ciki. Nawa ɗan sai da ya shekara yana ɓoye mini cewa ya faɗi jarrabawa, abokansa duk sun sani, ni ina ta aika kuɗi. Tun da aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida a watan Satumba na 2023 babu uwar da ke barci da ido biyu rufe a garin nan. Ki kira mahaifiyarta, ke kuma ki koma kan littafinki, don karatu aka turo ki.

Hajiya Kulu, Birnin Kebbi: Maman Sadik, kiran gida ba koyaushe yake zama mafita ba, musamman idan a gidan ne abin ya faru, kuma su ma suna cikin jimami. Abubakar, abin da aka yi maka zalunci ne, amma laifin na wanda ya yaɗa ne, ba na neman taimakon ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare sirrin majinyaci da mutuncinsa. Malam, addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, a haɗa su rana ɗaya, kada ɗaya ya jira ɗaya. Ke kuma 'yata, ki saurare ni da kyau. Duk inda ake horar da ɗalibai su tallafa wa 'yan'uwansu, akan koya musu iyakar sirri: ana riƙe shi, sai fa idan rai na cikin haɗari. Ba a ce ki yi shela ba. Ki zaunar da ita, ki gaya mata cewa kina ƙaunarta kuma ba za ki iya riƙe wannan ke kaɗai ba, ki bar ta ta zaɓi mace ɗaya babba da za ku je wurinta tare. Cewa ke kaɗai take yarda da ke shi ne ainihin abin da ke ba ni tsoro, domin ranar da kika tafi hutu ko kika kwanta ciwo, wa take da shi?

Ɗalibar Aji Uku: Hajiya, na fahimce ki, amma jiya ta ɗan ci abinci, har ta yi wanka ta fita. Ina ganin zan dawo da ita ɗakina ta riƙa kwana kusa da ni har mu gama jarrabawa, sannan na san yadda zan ɓullo wa maganar.

Abubakar, Ƙauran Namoda: Hakan ya yi, ƙanwata. Ke kike tare da ita, ke kika fi kowa sanin halinta.

Hajiya Kulu, Birnin Kebbi: Bai yi ba. Sauƙin kwana ɗaya ba warkewa ba ne, kuma mu a asibiti ba ma sakin jiki da shi. Saura mako nawa ku fara jarrabawar, kuma wa zai zauna da ita a lokutan da kike cikin ɗakin jarrabawa?