Musayar Waƙa: Cinikin Gretzky, Wa Ya Ci Riba?

Dattijon Zaure:

Bismillahi, ku matso kusa, jama'a,
Batun wani ciniki nake kawowa,
A hokin ƙanƙara aka ƙulla shi,
Har yau Kanada ba ta mantawa.

Ranar 9 ga Agusta, 1988,
Edmonton, garin kulob ɗin Oilers, ta tashi da girgizawa,
Gretzky, mai lamba 99 a riga,
Kings ta Los Angeles aka ce zai komawa.

Kofin Stanley, kambin gasar, huɗu ya ɗauko musu,
Ana murnar na huɗun, ana rawa.
Maki 215 ya tara a kaka guda,
Har yau babu mai iya kamowa.

Pocklington mai kulob ya karɓi
Dala miliyan 15, ba ragewa,
Da 'yan wasa Carson da Gélinas, da damar zaɓe uku
Na zagayen farko, cikin sababbin 'yan wasa masu tahowa.

McSorley da Krushelnyski suka bi shi,
Gaban 'yan jarida hawaye na zubowa.
To ku auna mini, masu basira,
Wa ya ci riba, wa ya yi faɗuwa?

Ɗan Kasuwa:

Baba, ranka ya daɗe, ga amsata,
Lissafi zan bi, ba hawaye ba.
Carson da aka ba su matashi ne,
Ƙwallo 55 ya ci a kaka, ba wasa ba.

Ya zo Edmonton ya zuba 49,
Amma zaman garin bai yi masa ba,
Kowa na auna shi da wanda ya tafi,
Ya ce a sallame shi, bai jure ba.

Aka kai shi Detroit a 1989,
Edmonton ba ta fito hannu rabbana ba,
Graves da Murphy da Klima suka zo,
Ba a zaci za su yi rana haka ba.

A 1990 Messier ne kyaftin,
Boston ba ta iya tare su ba.
Wasan farko, ƙarin lokaci na uku,
Klima ya harba, gola bai tare ba.

Kofi na biyar ya shigo gari,
Wanda aka sayar bai zo bikin ba.
Shi kuwa har ya ajiye sanda,
Bai ƙara ɗaga kofin nan ba.

Hajiya Mai Sikeli:

Ƙanena, ka yi tsallake a lissafi,
Ka bar bazarar 1989 a baya.
Kings da Oilers a zagayen farko,
Edmonton na gaba, wasa uku da ɗaya.

Gretzky ya ja mutanensa suka farke,
Wasa na bakwai suka tare mata hanya.
An sai da akuya ta dawo cin danga,
Masu riƙe da kofi suka sha kunya.

A Oktoban shekarar, a filin Edmonton,
Ya wuce maki 1,850 na Howe, gwarzon jiya.
Yana cikin rigar baƙi, mutan gari
Suka miƙe suna tafi da ciwon zuciya.

Sannan ka duba abin da McNall mai Kings ya saya:
Birnin rana ya koyi son ƙanƙara,
Kujerun Forum, filin Kings, da ba sa cika da can,
Suka cika maƙil, har da taurarin duniya.

San Jose a 1991, Anaheim a 1993,
Tampa da Florida duk a zango ɗaya.
Sikelin kofi ba ya ɗaukar wannan,
Amma ya buɗe wa wasan sabuwar hanya.

Ƙaramin Sha'iri:

Hajiya, a yi mini uzuri, ni yaro ne,
Akwai 1993, kada a manta da shi.
Kings ta kai wasannin ƙarshe da Montreal,
Na farko ta je gidansu ta cinye shi.

Na biyu tana gaba biyu da ɗaya,
Aka ce sandan McSorley a auna shi,
Lanƙwasar ta wuce abin da doka ta ce,
Minti biyu a benci aka zaunar da shi.

Desjardins na Montreal ya farke, ya ƙara a ƙarin lokaci,
Montreal ta jera huɗu ta ɗauke shi.
Sai 2012 Kings ta taɓa kofin,
Gretzky ya yi ritaya, ba a yi da shi.

Dattijon Zaure:

Na ji ku duka, Allah ya yi albarka,
Ga nawa hukuncin, ba ɓoyewa.
Shekarunsa 27 ranar cinikin,
Da sauran ƙarfinsa, yana bugawa.

Kofin 1990 da kake faɗi, ɗana,
Messier da Kurri ne ginshiƙan tsayawa,
Tare da shi aka gina gidan nan,
Da yana ciki, da kofunan na daɗuwa.

Miliyan 15 ba ta ɗaura takalmi,
Ba ta shiga fili ta yi bugawa.
Shi ya sa 'yan gari suka ƙona mutum-mutumin
Pocklington, ransu na tafasawa.

Har ɗan majalisa Nelson Riis ya nemi
Gwamnati ta hana cinikin tafiya da wucewa.
Messier ya bi ƙofa a 1991,
New York ta ci 1994, Edmonton na dubawa.

2006, 2024, 2025,
Ta kai ƙarshe, kofin na kuɓucewa.
Ni dai na ce mai kulob ya ci riba,
Garin Edmonton shi ya yi faɗuwa.

Ɗan Kasuwa:

Baba, da "da yana ciki" ba a rataya tuta,
Ban ga an rubuta shi a jikin kofi ba.
Tutoci biyar ke sama a Edmonton,
Ta 1990 ba ta fi sauran ƙanƙanta ba.
Ka nuna mini ta Gretzky a Los Angeles,
In ka nuna, ba zan ƙara baiti ba.