Wa ya taɓa kunna RT a gem ɗinsa a nan Gombe? Ku zo mu ji

Ɗan Pantami: Salam jama'a. Zan sayi laftof tokumbo, mai shago sai zuga ni yake in ƙara kuɗi in ɗauki mai katin hoto na RTX wai don bin sawun haske, wato RT (ray tracing), dabarar da ke sa haske da inuwa a gem su fito kamar gaske. Waɗanda suka gwada, ya abin yake?

Mai shagon gem a Bolari: Ni a PS5 na gani, cikin Spider-Man Miles Morales, in kana lilo tsakanin benaye za ka ga hotonka da motocin titi a jikin gilashi, abin akwai kyau wallahi. Amma yaran da ke zuwa shagona ƙwallo kawai suke bugawa, har yau ba wanda ya ce min oga kunna RT.

Ɗalibi daga Tumfure: Da can dabara ake yi, hoton da kake gani a ruwa ko madubi daga abin da ke kan sikirin ake kwafo shi, shi ya sa in ka sunkuyar da kyamara sai ya ɓace ɓat. Shi RT katin ne yake harba zirin haske daga wajen kyamara, ya bi inda ya daki bango, inda ya dawo, ya lissafa inuwa, kuma duk wannan sai ya maimaita shi sau 30 ko 60 a daƙiƙa ɗaya, ka ga dole ya ci ƙarfi. Kamfanin Nvidia ne ya kawo shi cikin gem da katunan RTX 20 a 2018, Battlefield V na cikin na farko.

Ɗan Jekadafari: Hmm ɗan'uwa ka ji nawa. Cyberpunk 2077 na kunna a laftof mai RTX 3060 cikin zafin Afrilu, fitilun birnin nan a kan kwalta mai jiƙa kam ba a magana, sai dai fanka ta dinga ihu kamar injin markaɗe, firem ya zube, sai da na haɗa da DLSS, dabarar Nvidia ta rage wa kati nauyi, ya ɗan daidaita, ana ɗauke wuta kuma inbata ba ta jimawa. Yanzu sai da daddare nake kunnawa, in ɗau hoto in kashe.

Yayanku na Federal Low Cost: Ƙanena kar ka raina shi fa. Indiana Jones na 2024 da Doom The Dark Ages na 2025 ba sa tashi sam in katinka ba ya RT, mai GTX 1650 sai kallo. Abin dubawa shi ne memorin katin, 4GB ya yi kaɗan, in aljihu zai ɗauka nemi mai 8GB.

Ɗan Pantami: Na gode Yaya. Wanda mai shagon ya nuna min RTX 3050 ne mai 4GB, bari in koma gobe in ga ko yana da wani.